Amsa: Baba ya daina tuƙi a Amurka, wa zai riƙa kai shi asibiti?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka ce idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi, kai kuma aiki ba ya barin ka kai shi wurin likita, shi ko ya ƙi barin gidansa. Ni dai ina bayansa. Dattijon da ke iya wankansa da sallarsa da kansa, a bar shi a ɗakinsa.

Fara da kiran Eldercare Locator, layin gwamnati na nema wa tsofaffi taimako, a 1-800-677-1116. Ka ba su lambar unguwarku, za su haɗa ka da ofishin kula da tsofaffi na yankinku. Waɗannan ofisoshin suna aiki ne a ƙarƙashin wata dokar tsofaffi ta 1965, wadda ta shafi duk mai shekara 60 zuwa sama. Su suka san direbobin sa kai da ke kusa, mutanen da ke ɗaukar tsoho a motarsu su kai shi asibiti ko kanti su maido shi. Wasu kyauta ne, wasu sai a ba da ɗan kuɗin mai. Amma fa ana neman su tun da kwanaki, ba ranar tafiya ba.

In Baba yana da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, akwai kai mara lafiya asibiti a ciki. Abinci kuma shirin ciyar da tsofaffi na Meals on Wheels na kawowa har ƙofa, sai dai ka tambaye su batun halal.

Kuma don Allah ka yi wa limamin masallacinku magana. Samarin da za su riƙa ɗaukar Baba zuwa Juma'a ba za a rasa ba, ga shi zai samu abokan hira da harshensa.