Amsa kan shuka kayan lambu a bakin titi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na ji saƙonki na jiya, inda kike tambaya ko za a iya shuka kayan lambu a ɗan filin nan da ke tsakanin katanga da kwalta, kuma ko abin da aka shuka a wurin zai ciyu lafiya. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

A taƙaice dai, ana yi, kuma ina goyon baya da zuciya ɗaya. Filin nan in an bar shi haka, juji yake zama. Amma da zarar an ga kore a wurin, an ga ana ban ruwa safe da yamma, mai zubar da shara ma kunya yake ji. Ga shi ƙasar da ke da shuka tana shanye ruwan sama maimakon ya kwarara ya cika magudana, tana rage ƙura da zafin da kwalta ke fesowa, zuma ma ta samu fure.

Ba sabon abu ba ne. A garin Todmorden na Ingila, a 2008, wasu mata biyu, Pam Warhurst da Mary Clear, suka fara shuka abinci a wuraren da kowa ke wucewa, har gaban ofishin 'yan sanda, duk mai so ya tsinka. A Los Angeles ta Amurka kuma, Ron Finley ya shuka bakin titin gidansa a 2010, hukuma ta aiko masa da takardar gargaɗi, jama'a suka tsaya masa, daga baya birnin ya sauya dokar.

To amma Hajiya, tambayarki ta biyu ita ce babba, kuma a nan nake so kowa ya kasa kunne. Shekara da shekaru ana zuba dalma, wani ƙarfe mai guba, a cikin fetur, sai a 2021 aka daina sayar da irin wannan man mota a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe. Ita kuwa dalma ba ta ruɓewa. Tana nan kwance a saman ƙasar gefen tsofaffin tituna masu cunkoso, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, ƙwaƙwalwa take taɓawa. Saboda haka kar a kafta ƙasar wurin kawai a zuba iri. A yi kwami mai tudu, ko a sa manyan buhuna da tukwane, a kawo ƙasa mai kyau daga wani wuri a haɗa da ruɓaɓɓen taki. A rufe saman da busasshiyar ciyawa don ƙura ta kwanta. Sannan a zaɓi masu 'ya'ya, irin su tumatir, barkono, wake da kabewa, domin gubar ba ta cika kaiwa ga 'ya'yan ba. Masu ganye irin latas, da masu saiwa irin karas, su ne suka fi kwasar ƙasa da ƙura, a shuka su a cikin gida, nesa da titi. Kome aka tsinka a wanke shi sosai, yara su wanke hannu.

Sai wanda ya ce ai za a sace. Ɗan'uwa, abin da aka shuka a kan hanya don masu hanya aka shuka shi. In maƙwabciya ta tsinki tumatir uku ta yi girki, wallahi buƙata ta biya, ni farin ciki zan yi. Irin wannan maƙwabciyar ce gobe za ka ga ta fito da bokitin ruwa.

Abu na ƙarshe, filin ba namu ba ne, na hukuma ne a yawancin wurare, don haka a nemi izini tukuna. Kar a haƙa da zurfi, akwai bututun ruwa da wayoyi a ƙasa. A bar wa masu tafiya da masu keken guragu hanya, kuma kusa da kwana kar a sa abin da zai yi tsayi ya tare wa direba gani. Duk mai son shiga ya rubuta sunansa a nan, mu raba ranakun ban ruwa.