Tambaya da Amsa: Mun Dasa Itatuwa, Jama'a Sun Watse

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙungiyar matasan unguwarmu tana dashen itatuwa duk damina. Ranar dashe a cika maƙil har da ɗaukar hoto, amma kafin bazara babu mai leƙawa, awaki sun cinye, sauran sun bushe. Yaya za mu ja hankalin mutane su riƙe aikin?
— Wani mai karatu daga Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Dashenku yana mutuwa ne saboda ba shi da mai shi. Idan aka ce na kowa ne, kowa sai ya jira wani ya kai ruwa.

Ku rage yawa. Kafin ku ɗauko irin dashe, ku zauna da mai unguwa da liman, a rubuta gidajen da suka yarda, kowane gida ya ɗauki dashe biyu ko uku, a ƙofarsa ko a gonarsa. A faɗa a bainar jama'a cewa inuwa da 'ya'ya da reshen da aka sassabe na mai renon ne. Ku bar mutane su zaɓi abin da suke so. Matar da ta zaɓi zogale ko mangwaro ba sai an tuna mata ban ruwa ba. A kira makiyaya da mata masu neman itacen girki zaman tun farko, don dokar da aka kafa ba da su ba ba ta kai kaka.

Sai aikin kansa. A yi dashe idan damina ta zauna, daga Yuli zuwa farkon Agusta. Wanda aka yi a Satumba saiwarsa ba ta kama ƙasa ba ruwa zai ɗauke. Rami ya kai kamu ɗaya zurfi da faɗi, wato kusan santimita 50, a cakuɗa ƙasar sama da taki ruɓaɓɓe, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke ledar a cire. Sau da yawa idan aka tono mataccen dashe, sai a tarar saiwar ta nannaɗe cikin leda. A kewaye da ƙaya ko tubali a ranar, ba gobe ba. Akuya ba ta jira. A ranin farko a ba shi bokiti guda sau biyu a mako, da yamma, a rufe gindin da ciyawa. Gayyar da ta fi muhimmanci ita ce ta Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, don haka ku ajiye goronku da kunu domin wannan lokacin.

A gona kuwa, mu dai shawararmu kada ku fara da dashe. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980 ta hanyar sassaben zamani, wato renon tohon kututture, ba rijiya ba gandun reno. Kututturen sabara, kalgo, magarya ko gawo da ke tohowa duk shekara yana da tsohuwar saiwa mai zurfi. Maimakon a sare tohon duka lokacin sharar gona, sai a zaɓi miƙaƙƙu uku zuwa biyar a bari, a cire sauran da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. A rage rassan gefe har rabin tsayi, a koma duk bayan 'yan watanni. Manomi ba ya gardama da gawo: yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.

A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi, kwamitin gari ne ke sintiri yana hana saran dare. Ku kafa irinsa, mutum biyar zuwa bakwai, ku riƙa ƙirga itatuwa masu rai duk wata, a karanta sunayen gidajen bayan sallar Juma'a.