Saura shekara 82 a takardar gidana na Manchester: in tsawaita yanzu ko in jira?

Tambaya: Na sayi fulat a Manchester shekara ɗaya da rabi da ta wuce, kuma takardar mallakarsa ta nuna saura shekara 82 wa'adinsa ya ƙare. Kamfanin da ke da ginin ya yi mini tayin ƙarin wa'adi ta hanyar sulhu tsakaninmu, maimakon bin tsarin neman ƙari da doka ta tanada, maƙwabcina kuma ya ce in dakata domin sabuwar doka za ta sauƙaƙa farashi. Wanne ya fi?

Amsa: Hajiya, shawarata ita ce kada ki bari wa'adin ya sauka ƙasa da shekara 80 kina zaman jira. A Ingila da Wales, wanda ya sayi fulat galibi haƙƙin zama na wasu shekaru ya saya, ƙasar da ginin kuwa suna hannun wani, kuma ranar da wa'adin ya cika gidan ya koma ga mai ƙasa. Wanda ya san takardar mallakar fili ta shekara 99 da gwamnonin jihohi ke bayarwa a Najeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai a Ingila kowace shekara da ta ragu tana taɓa farashin gidan, kuma bankuna da yawa suna ɗari-ɗari da bayar da bashin sayen fulat mai gajeren wa'adi.

Dokar 1993 kan mallakar gida mai wa'adi ta ba ki ikon tilasta wa mai ƙasa ya ƙara miki shekara 90 a kan abin da ya rage, wato ki koma shekara 172, sannan kuɗin ƙasa da kike biya duk shekara ya faɗi zuwa abin da dokar ta kira ƙwayar masoro ɗaya, wanda a aikace ke nufin babu ko sisi. A da sai mutum ya shekara biyu da mallakar gida kafin ya nemi wannan haƙƙi, amma an soke sharaɗin tun 31 ga Janairun 2025, saboda haka shekararki ɗaya da rabi ba za ta hana ki ba.

Abin da ya sa shekara 80 ta zama kan iyaka shi ne, da zarar wa'adi ya gaza haka, mai ƙasa yana da rabin ribar da tsawaitawar ta jawo wa gidan, ban da diyyar da za a biya shi dama. A ƙaddara ƙarin wa'adin ya ɗaga darajar gidan da fam 30,000, asarar mai ƙasa kuma aka ƙiyasta ta fam 10,000. Ragowar fam 20,000 za a raba biyu, ya ɗauki 10,000, kin ga kuɗin ya ninka ke nan. Ke da kike da shekara 82 ba ki shiga wannan rabo ba tukuna, kuma ranar da lauyanki ya miƙa sanarwar neman ƙari ƙarƙashin sashe na 42 na dokar 1993, ranar ce ake tsayar da lissafi, ko da cinikin ya ja watanni.

Maƙwabcinki bai yi ƙarya ba. Dokar 2024 ta tanadi soke wannan rabon riba tare da mayar da ƙarin zuwa shekara 990, amma sanya hannu a kan doka daban, fara aiki da sassanta daban, kuma waɗannan sassa an bar su sai gwamnati ta fitar da ƙa'idojin lissafi. Wanda wa'adinsa ya riga ya faɗo zuwa 70, kuma ba shi da niyyar sayarwa nan kusa, yana da hujjar jira. Ke kuwa ribar jiranki kaɗan ce, kasadarsa babba. Ki sa lauya ya tabbatar miki da matsayin dokar a ranar da za ki yanke shawara.

Game da tayin kamfanin, ki karanta shi da idon basira. Irin wannan sulhu yakan fi sauri, sai dai mai ƙasa yana iya ba da shekarun da ba su kai 90 ba, ya ci gaba da karɓar kuɗin ƙasa har ƙarshen tsohon wa'adi, ko ya cusa sababbin sharuɗɗa, kuma yana iya janyewa bayan ya ɓata miki watanni, alhali shekarunki suna gangarowa zuwa 80.

Kafin ki miƙa sanarwa ki ɗauki ƙwararren mai ƙiyasin kadara ya fitar miki da farashin da za ki taya, ki kuma tanadi kuɗi, domin mai ƙasa yana iya neman kafin alƙalami na kashi 10 cikin ɗari na tayinki ko fam 250, duk wanda ya fi yawa, sannan kuɗin lauyansa da na mai ƙiyasinsa, gwargwadon abin da hankali zai ɗauka, suna kanki. Ana ba shi aƙalla wata biyu ya mayar da amsa. Idan ba ku daidaita ba, sai a kai maganar kotun kadarori tsakanin wata biyu zuwa shida daga ranar amsarsa, kuma idan wata shidan ya wuce ba a shigar ba, sanarwar ta faɗi, sai kin jira shekara guda kafin ki sake miƙa wata.