An ce an ba ɗiyata tallafin dala 31,000, wai duk kyauta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Amurka muke zaune, muna da girin kad. Ɗiyata ta samu jami'a, sun aiko takarda wai tallafin dala 31,000 a shekara. Mai cike wa mutane fom ya ce in amince da komai, kuɗin gwamnati ne ba a biya. Amma na ga wani abu Parent PLUS a ciki, tun jiya na kasa barci.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da barcin ya ƙi zuwa, don Allah kar ki danna komai tukuna.

Abin da ake sawa a takardar nan kala huɗu ne, sai su haɗa su su buga jimla ɗaya ƙatuwa. Akwai na mabuƙata irin Pell Grant, wanda iyakarsa dala 7,395 ce a zangon 2024-25, akwai sikolashif na jami'a ko wata gidauniya. Waɗannan biyun su ne kyauta, muddin yarinya ta riƙe makinta. Sai Federal Work-Study, shi ba kuɗi ba ne a hannu, sai ta nemi aiki a makaranta ta yi awanni a biya ta. Na huɗun bashi ne.

To wannan na huɗun shi ke ci min tuwo a ƙwarya, kullum sai na maimaita. Mutane sun ɗauka duk abin da aka kira tallafi kuma ya fito daga gwamnati ya zama ganima. Wallahi bashi ne, da kuɗin ruwa. Bashin da ake ba 'yar shekarar farko da ke ƙarƙashin iyaye galibi ba ya wuce dala 5,500, a ciki 3,500 kawai zai iya zama Direct Subsidized, wanda gwamnati ke ɗauke ruwansa tana makaranta, shi kuwa Unsubsidized ruwa na hawa tun ranar da aka saki kuɗin, tana aji tana rubutu yana ƙaruwa. Wata shida da barin makaranta a fara biya, ko ta gama ko ba ta gama ba, babu ruwansu.

Parent PLUS ɗin da ya tsorata ki kuwa, bashi ne shi ma, kuma naki ne Hajiya, ba na yarinya ba. Ke za ki sa hannu, ruwansa ya fi nata tsada, kuma gwamnati ba ta mayar da shi kan ɗiya ko da ta samu aiki. In aka daina biya suna iya riƙe rarar harajin da ake mayar miki, su yanki har kashi 15 na albashi, ko karyewar arziki aka kai kotu da wuya a yafe shi. Na sha ganin uwa ta zauna gabana da takarda a ninke cikin jaka tana cewa ai cewa aka yi kyauta ce, shi wanda ya faɗa ɗin ya karɓi kuɗin cike fom ya yi gaba. Fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, wato FAFSA, ma kyauta ake cike shi a studentaid.gov, to na me yake karɓa? Su ma jami'o'in ban wanke su ba, wasu sai su rubuta bashi layi ɗaya da sikolashif kamar 'yan uwa ɗaya.

Ki ɗauki biro, ki ja layi ƙarƙashin Pell da sikolashif kaɗai, ki cire su daga cikakken kuɗin shekara har da ɗaki da abinci, abin da ya rage shi ne nauyin da ke kanki. Ba dole ki karɓi bashin duka ba, kina iya rage shi ko ki ƙi gaba ɗaya. In samunku ya ragu bayan shekarar harajin da aka duba a fom ɗin FAFSA, ki rubuta wa ofishin tallafi na jami'ar da shaida, suna da ikon sake lissafi. Ki kuma tambaye su ko sikolashif ɗin na shekara huɗu ne ko na farko kawai, FAFSA dai duk shekara sai an sake cikewa.