Daga ina Turkawa suka samo sunayen wakensu?

Wani ɗalibi da ke karatu a Istanbul ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, mu kusan komai wake muke ce masa, in mun so bambantawa mu ce farin wake, jan wake, waken suya. A nan kuwa kowane iri da sunansa, sunayen kuma ba su yi kama da juna ba. Daga ina suka samo su? Sannan wanne ne waken da ke cikin karin maganarmu, wake ɗaya ke ɓata gari?"

Ɗana, kafin mu shiga, ka riƙe wannan: a rubutun boko da Turkiyya ta koma wa a 1928, harafin ç shi ne c ɗinmu, c ɗinsu kuma j ɗinmu ne.

Sunayen ba su yi kama da juna ba ne saboda yawancinsu aro ne, kuma ba gida ɗaya aka je aron ba. Nohut, wato waken nan mai ɗan baki da Larabawa ke kira hummus, daga Farisanci aka ɗauko. Haka mercimek, wanda alhazanmu suka sani da adas. Bakla daga Larabci ne, shi ne waken da ake yin ful da shi a Masar da Sudan. Bezelye, koren nan ƙanana da ake watsawa a soyayyiyar shinkafa, asalinsa Italiyanci ne. Fasulye kuma daga bakin Girkawa ya shigo.

Nasu na gado, waɗanda suka taso da su daga tsakiyar Asiya, biyu ne suka fi fitowa fili. Na farko burçak. Mahmud al-Kashgari, wanda ya rubuta ƙamusun Diwan Lugat at-Turk a Bagadaza wajen 1072 zuwa 1074, ya kawo kalmar, ya fassara ta da wake, ya ƙara da cewa ana kiran ɗigon zufa da ita. Har yau Kazakawa, dangin Turkawa da ke ƙasar Kazakistan, suna cewa burshak, kuma da kalmar nan ɗaya suke kiran koren wake da ƙanƙarar da ke zubowa daga sama. Ka ga ke nan abin da kunnen mai harshen ke ji a cikinta shi ne ƙaramin abu mulmulalle. Tatarawa, su ma dangin Turkawa ne da ke Rasha, na cewa borcak, mutanen Kirgistan buurcak. Kalmar ta ma tsallaka zuwa harshen da ba na Turkawa ba: mutanen Hangari suna cewa borsó, aron da kakanninsu suka yi tun suna maƙwabtaka da ƙabilun Turkawa, kafin su sauka ƙasarsu ta yanzu wajen 895.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kalmar ta ƙare a Turkiyya kanta. Da sunayen aro suka cika kasuwa, kowanne ya kama irinsa, sai burçak ya koma sunan wata ƙwaya mai ɗaci da ake nomawa don dabbobi. Ɗan gida ya koma turke, baƙi suka zauna a akushi.

Na biyu yasmık, sunan adas, daga kalmarsu ta abu mai faɗi da fele-fele, wanda kuwa duk ya taɓa ɗora ƙwayar adas a tafin hannu ya san sunan ya dace. A Uzbekistan yasmiq ake cewa har gobe, amma a shagunan Istanbul mercimek ɗin Farisa za ka nema a ba ka.

Kada dai ka ɗauka cewa inda suna ya fito nan shukar ta fito. Waken da ake kira fasulye daga nahiyar Amurka ya zo bayan 1492, sai ya tarar da tsohon sunan Girkanci ya saka. Mu ma mun yi irin wannan da masara: ita ma 'yar nahiyar Amurka ce, amma muka jingina ta ga Masar, kuma Turkawa mısır suke ce mata, sunan da suke kiran ƙasar Masar da shi.

Sai karin maganarka. Garin da ke ciki na niƙa ne, ba garin da mutane ke zaune ba, ko da yake ma'anar mutane take nufa: mutum ɗaya ya jawo wa jama'a zagi. Waken kuwa shi ne namu na ƙosai da alale, wanda Nijeriya da Nijar suka fi kowa nomawa a duniya. Turkawa börülce suke ce masa, suna na cikin gida da masanansu ke dangantawa da tsohuwar kalmarsu ta ƙoda, saboda siffar ƙwayar. In za ka fassara wa abokanka karin maganar, börülce za ka sa. In ka ce fasulye za su gane, amma wani waken ne daban za su hango.