Nauyin Bido: Ruwa da Mai

Tambaya: Malam, me ya sa bidon ruwa ya fi bidon man fetur nauyi, alhali girmansu ɗaya? Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, lita tana auna cika ne, kilo kuma nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, don haka bido mai lita 25 yana ɗaukar kilo 25. Man etanol, wanda ake tacewa daga rake ko masara, litarsa gram 789 ce, wato bidonsa bai cika kilo 20 ba, fetur kuwa yakan tsaya wajen kilo 18 da rabi. Zafi ma yana da tasiri, domin a ranakun bazara mai yakan kumbura, nauyin litarsa ya ɗan ragu.