Gefen zanena ya zama haƙoran zarto, an ce in bi shi da dishi-dishi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina rubuta ƙaramin laburaren zane da yaren C, mai zana layi da da'ira da haruffa da furosesa kaɗai, ba katin hoto. Niyyata in ɗora shi a GitHub, shafin da masu rubuta shiri ke ajiye aikinsu, kowa ya ɗauka kyauta. Amma duk layin da ya karkata sai ya fito kamar haƙoran zarto. Wani a bidiyo ya ce in gama zanen, sannan in bi hoton da matatar da ke sa shi dishi-dishi. Na yi, haƙoran sun ragu, sai dai haruffa sun koma kamar cikin hazo, siraran layuka kuma suna yankewa. Tsoro nake ji kada in sake shi a yi mini dariya. Ko in haƙura ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kada ka haƙura, ƙanena, amma matatar nan ka cire ta yau.

Na gaji da jin wannan magana, wai antiyaliyasin, wato dabarar kawar da haƙoran gefen zane, dishi-dishi ne kawai. Mutum bai taɓa zuƙo hoton da ya zana ya duba fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) ɗaya-ɗaya ba, amma ya kunna kamara yana koyarwa. Duba abin da shirinka yake yi: tambaya ɗaya yake wa kowane fiksel, tsakiyarka tana cikin siffar ko tana waje? Ko ya cika shi da launi, ko ya bar shi fayau. Fiksel ɗin da siffa ta rufe rabinsa, da wanda ta rufe kashi 90 cikin 100, hukuncinsu na iya zama ɗaya. Kamar mai awon gero ne da ba ya rubuta komai a littafinsa sai "mudu cike" ko "babu". Da yamma duk lissafin da zai yi, rabin mudun da bai rubuta ba ya tafi.

Layin da faɗinsa 0.4 na fiksel, idan ya ratsa tsakanin tsakiyoyi biyu, ko fiksel ɗaya ba zai kunna ba. To me matatar za ta shafa a wurin? Yankewar da kake gani ke nan. Hazon haruffa kuwa, ai matatar ba ta san gefe mai haƙora da gefen da yake lafiya lau ba, kowa take murjewa. Za a ce maka ai wasannin kwamfuta suna amfani da FXAA, wani irin matatar da ake bin hoto da ita bayan an gama zane, wanda Timothy Lottes ya ƙirƙira a NVIDIA. Gaskiya ne, amma shi gefuna yake nema kafin ya taɓa, kuma dabarar neman sauri ce ga hoto mai motsi. Shi ma layin da ya ɓace ba ya dawo da shi.

Gyaran a wurin awo yake: kashi nawa na fiksel siffar ta rufe? Hanya mai sauƙi ita ce ka raba kowane fiksel gida 16, huɗu sau huɗu, ka ƙirga. Amma kada ka ninka hoton gaba ɗaya: allo mai fiksel 800 da 480, kowane fiksel bayit 4, yana cin kusan megabayit 1.5, ninki 16 ya kai ka wajen 24. Bi shi sahu-sahu.

Ni dai hanyar FreeType, laburaren zana haruffa, na fi so. Gefen siffa yana ratsa fiksel, sai ka ajiye lamba biyu: tsayin da ya ci a cikinsa, da filin da ya yanka. Ka tara su daga hagu zuwa dama, kowane fiksel ya samu ainihin kasonsa a mataki 256. A kan wannan Maxim Shemanarev ya gina laburaren Anti-Grain Geometry (AGG), wanda Matplotlib, laburaren zana girafi na yaren Python, ke zane da shi har yau. Dabarar Xiaolin Wu ta 1991 tana da sauri, amma ta siririn layi ce, ba za ta cika maka harafi ba. Kafin ka kwafi komai, karanta lasisi: AGG 2.4 yana ƙarƙashin irin na BSD mai sassauci, 2.5 kuwa GPL ne, mai ƙarin sharuɗɗa.

Saura tarko ɗaya. A ma'aunin da baƙi yake 0, fari 255, rabin fari da baƙi ba 128 ba ne. A tsarin launin allo na sRGB, 128 kusan kashi 22 na haske yake bayarwa, rabin haske yana wajen 188. In ka gauraya lambobin kai tsaye, farin layi a kan baƙi zai fito kamar tufkar igiya, nan kauri nan siriri. Ƙaramin jadawali mai gida 256 zai mai da launi zuwa ma'aunin haske, ka gauraya a can, ka dawo da shi.

Kafin ka ɗora, zana layuka daga ɗigo ɗaya, tazarar digiri ɗaya-ɗaya, sannan layin 0.4 ɗin nan kana matsar da shi 0.1 kowane karo. Zuƙo hoton sau takwas. In layin bai yanke ko'ina ba, sa hoton a shafin farko na ma'ajiyarka ta GitHub, ka turo mini adireshin.